Netcat

Netcat, wadda ake taƙaita sunanta da nc, ƙaramar manhajar kwamfuta ce da ake sarrafawa ta layin umarni domin buɗe hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci biyu, da aika bayanai da karɓarsu ta ƙa'idar TCP ko ta UDP. Ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa. Rubuta mata umarni ake yi, ita kuma ta mayar da amsa a rubuce. Wani masanin kwamfuta da aka fi sani da laƙabin Hobbit ne ya rubuta ta da yaren C, ya kuma fitar da ita a shekarar 1995.

Masu kula da kwamfutoci da maginan manhaja da masu binciken tsaro suna amfani da Netcat wajen gano ko wata ƙofar sadarwa a buɗe take, da gwada uwar garke, da tura fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan, da kuma koyar da yadda ƙa'idojin intanet suke aiki. Saboda yawan ayyukan da take yi duk da ƙanƙantarta, ana yi mata laƙabi da wuƙar sojan Suwizalan ta harkar sadarwa, wato ana kwatanta ta da ƙaramar wuƙar aljihun nan mai ɗauke da almakashi da mabuɗin gwangwani da sauran kayan aiki a jiki ɗaya. Masu kutse ma suna amfani da ita, shi ya sa sunanta yake yawan fitowa a darussan tsaron kwamfuta.

Asalin suna

Sunan ya haɗa kalmomi biyu. Ta farko, net, gutsuren kalmar Turanci ce mai nufin hanyar sadarwa. Ta biyu, cat, sunan wani tsohon umarni ne na babbar manhajar Unix wanda yake karanta fayil ya zubo abin da ke cikinsa a fuskar kwamfuta. Shi kansa wannan umarni an yanko sunansa daga kalmar da ke nufin jera abubuwa a haɗa su, don haka asalinsa ba shi da alaƙa da kyanwa, duk da cewa rubutun kalmomin ya zo ɗaya. Ma'anar sunan ke nan: abin da cat yake yi wa fayil, shi Netcat take yi wa hanyar sadarwa.

Tarihi

Hobbit ya fitar da Netcat a 1995 domin kwamfutoci masu amfani da Unix, ya kuma bayar da ita kyauta. Siga ta 1.10, wadda ta fito a watan Maris na 1996, ita ce ta ƙarshe da ta fito daga hannunsa, kuma har yau ana rarraba ta tare da 'yan gyare-gyare. A wancan lokaci, wanda yake son gwada wata ƙofa yakan yi amfani da manhajar telnet. Sai dai telnet tana da matsaloli a wannan aiki: ba ta iya zama ta saurari mai shigowa, ba ta aiki da UDP, kuma tana ɗaukar wasu bayanai a matsayin umarnin kanta, abin da kan lalata fayil idan an bi da shi ta cikinta. Netcat ta zo ne ta toshe waɗannan giɓi.

Bayan haka Chris Wysopal, wanda ake kira Weld Pond, ɗan ƙungiyar masu binciken tsaro ta L0pht da ke yankin Boston a Amurka, ya mayar da ita yadda za ta yi aiki a kan Windows. A ƙuri'ar jin ra'ayi da shafin Insecure.org ya gudanar tsakanin masu amfani da Nmap, Netcat ta zo ta 2 a jerin kayan aikin tsaro a shekarar 2000, sannan ta zo ta 4 a 2003 da kuma 2006.

Da yake asalin manhajar ta daina samun sabuntawa, wasu sun sake rubuta ta daga tushe. Wannan ne ya sa a yau umarnin nc yake iya nufin manhajoji daban-daban, gwargwadon kwamfutar da mutum yake kai.

Ire-irenta

Netcat ta gargajiya ita ce ta Hobbit. A Debian da dangoginta ana samun ta da sunan netcat-traditional. Asalinta ba ta san adireshin IPv6 ba.

Netcat ta OpenBSD, Eric Jackson ne ya sake rubuta ta a 2001, ya ƙara mata IPv6. Tana iya bi ta kwamfuta mai shiga tsakani, tana kuma aiki da mahaɗar cikin gida ta Unix. A 2015 Bob Beck ya ƙara wa ta cikin OpenBSD damar kulle bayanai da TLS. Ita ce Ubuntu take zuwa da ita, kuma nc ɗin da ke cikin FreeBSD da macOS daga gare ta suka samo asali.

GNU Netcat, Giovanni Giacobbi ne ya rubuta ta a ƙarƙashin lasisin GPL. Sigarta ta 0.7.1 ta fito a watan Janairun 2004.

Ncat ta fito daga aikin Nmap na Gordon Lyon. Chris Gibson ne ya fara rubuta ta a 2005, aka kuma fitar da ita tare da Nmap 5.00 a watan Yulin 2009. Tana da SSL, tana iya karɓar mutane da yawa a lokaci guda, tana kuma ba da damar tantance adireshin da za a bari ya shigo da wanda za a hana. A Red Hat Enterprise Linux 7 da waɗanda suka biyo baya, idan an rubuta nc galibi Ncat ce take amsawa.

BusyBox, wadda ake sakawa a ƙananan na'urori irin su rauta, ita ma tana ɗauke da taƙaitacciyar nc.

Hanya mafi sauƙi ta gane wadda ke kan kwamfuta ita ce rubuta nc -h, domin layin farko na amsar yakan nuna iri da siga.

Yadda take aiki

Kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa tana da adireshin IP. Adireshin yana kai saƙo ga kwamfutar ne kawai, amma kwamfuta ɗaya tana iya gudanar da hidimomi da yawa: shafin yanar gizo, imel, rumbun bayanai. Lambar ƙofa ce take bambance su. Adireshi kamar gida ne, ƙofa kuma kamar ɗakin wanda aka zo nema a cikin gidan. Lambar ƙofa tana da bit 16, don haka tana kamawa daga 0 zuwa 65535. Hukumar IANA ta raba su kashi uku: 0 zuwa 1023 na sanannun hidimomi, 1024 zuwa 49151 na masu rajista, 49152 zuwa 65535 kuma na wucin gadi. Cikin sanannun akwai 22 ta SSH, 25 ta aika imel, 53 ta DNS, 80 ta HTTP da 443 ta HTTPS.

TCP da UDP su ne manyan hanyoyi biyu na ɗaukar bayanai zuwa waɗannan ƙofofi. An bayyana UDP a takardar RFC 768 ta 1980, TCP kuma a RFC 793 ta 1981, wadda RFC 9293 ta maye gurbinta a 2022. Kafin TCP ta aika komai sai ɓangarorin biyu sun gaisa cikin matakai uku: mai nema ya aika SYN, wanda aka nema ya amsa da SYN-ACK, mai nema ya rufe da ACK. Daga nan TCP tana tabbatar da cewa bayanai sun isa, kuma a jere. UDP ba ta gaisuwa, ba ta jiran tabbaci. Jefa saƙo take yi ta wuce.

Netcat tana aiki ta fuska biyu. A fuskar mai nema, ana ba ta adireshi da lambar ƙofa, ita kuma ta je ta ƙwanƙwasa. A fuskar mai sauraro, tana kama wata ƙofa a kwamfutar da take kai, ta zauna jiran mai zuwa. Da zarar an haɗu, duk abin da ya shiga mashigarta, ko daga kibod ko daga fayil ko daga wata manhaja, sai ta tura shi ɗaya ɓangaren. Duk abin da ya zo daga can kuma sai ta fitar da shi ta mafitarta. Ba ta fassara bayanan, ba ta ƙara musu komai. Wannan ne ya sa ake iya haɗa ta da wasu umarnai ta alamar bututu, wato |, a gina abin da ita kaɗai ba ta yi.

Muhimman zaɓuɓɓuka

Tsarin umarnin gaba ɗaya shi ne: nc, sai zaɓuɓɓuka, sai adireshi, sai lambar ƙofa. Waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da:

-l : zama mai sauraro.
-p : faɗin lambar ƙofar da za a yi amfani da ita a kwamfutar da ake kai.
-u : amfani da UDP maimakon TCP.
-v : ba da bayanin abin da ke faruwa.
-z : ƙwanƙwasa ƙofa kawai ba tare da aika bayanai ba.
-w : sanya wa'adin jira da daƙiƙoƙi.
-n : kada a nemi fassarar suna daga DNS.
-k : ci gaba da sauraro bayan mai shigowa na farko ya tafi, a ta OpenBSD da Ncat.
-N : rufe ɓangaren aikawa idan abin aikawa ya ƙare, a ta OpenBSD.
-q : fita bayan wasu daƙiƙoƙi da ƙarewar abin aikawa, a kunshin Debian.
-4 da -6 : tilasta IPv4 ko IPv6, a sigogin da suka san su.

Babban bambancin da ke rikita masu koyo yana wajen sauraro. A ta gargajiya ana rubuta nc -l -p 5000, a ta OpenBSD kuma nc -l 5000 ya wadatar.

Gwada ƙofa

Aikin da aka fi saka Netcat shi ne amsa tambaya ɗaya: shin wannan ƙofa tana karɓar baƙi? Misalan da ke ƙasa suna amfani da example.com da adireshin 192.0.2.10, waɗanda aka keɓe musamman domin misali a rubuce-rubuce.

    nc -zv -w 3 example.com 80

Wannan yana ƙoƙarin gaisuwar TCP da ƙofa ta 80, ya jira daƙiƙa 3, ya faɗi sakamako. Ana iya ba da jerin ƙofofi a ta gargajiya da ta OpenBSD:

    nc -zv -w 3 192.0.2.10 20-25

Amsar takan zo a ɗaya daga fuskoki uku, kuma kowace tana nuna inda ya kamata a nemi matsala.

Idan ta ce succeeded ko open, gaisuwar ta kammala. Hanya lafiya take, kuma akwai manhajar da ke sauraro a ƙofar. In har hidimar ba ta aiki yadda ya kamata, to matsalar tana cikin manhajar ko saitinta, ba a hanya ba.

Idan ta ce Connection refused, saƙo ya isa, an kuma mayar da amsar ƙi nan take, wato RST. Galibi wannan yana nufin kwamfutar tana kunne amma babu mai sauraro a wannan ƙofa: ko manhajar ta mutu, ko an yi kuskuren lamba, ko kuma tana sauraro a adireshin cikin gida na 127.0.0.1 kaɗai, wanda ba a isa gare shi daga waje. Wata katangar tsaro ma tana iya mayar da irin wannan amsa. A Linux, umarnin ss -ltn yana nuna ƙofofin da ake sauraro a kansu da adireshin da aka ɗaure su.

Idan kuma wa'adi ya cika babu amsa, wato timed out, to saƙon ya ɓace a hanya. Ko kwamfutar a kashe take, ko adireshin ba daidai ba ne, ko katangar tsaro tana zubar da saƙon shiru. Idan ba a sa -w ba, jiran yana iya kai kusan minti 2 a Linux kafin a haƙura.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci a aikace. Idan shafin wata makaranta ko wani kamfani ya daina buɗewa, mai kula da hanyar sadarwa da mai kula da manhaja kowa yana iya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Gwaji ɗaya daga waje da wani daga cikin uwar garken yana raba gardama. Idan ƙofar ta amsa daga ciki amma ta yi shiru daga waje, matsalar tana tsakani. Idan ta ƙi amsawa ko daga ciki, manhajar ce ba ta tashi ba.

Umarnin ping ba ya maye gurbin wannan gwaji. Shi yana amfani da ƙa'idar ICMP ne, wadda ba ta san ƙofa ba. Kwamfuta tana iya amsa ping alhali hidimarta a mace take, tana kuma iya ƙin amsa ping alhali shafinta yana aiki, domin masu kula da yawa suna toshe ICMP.

Netcat tana barin lambar sakamako idan ta gama: 0 idan an yi nasara, wata lamba daban idan an kasa. Saboda haka ana saka ta cikin rubutaccen jerin umarni, misali domin manhaja ta jira har sai rumbun bayanai na PostgreSQL ya fara amsawa a ƙofa ta 5432 kafin ita ta tashi.

Sauraro da hira

Domin ganin yadda haɗuwa take, ana iya buɗe tagar umarni biyu a kwamfuta ɗaya. A ta farko:

    nc -l 5000

A ta biyu:

    nc 127.0.0.1 5000

Duk layin da aka rubuta a ɗaya zai bayyana a ɗayar da zarar an danna Enter. Latsa Ctrl da C yana yanke hirar. A Linux da sauran dangin Unix, sauraro a ƙofar da ke ƙasa da 1024 a al'adance yana buƙatar izinin babban mai kula, shi ya sa ake zaɓen lamba irin 5000 wajen gwaji.

Ana amfani da wannan dabara wajen gwada katangar tsaro kafin a girka ainihin hidimar. Sai a sa Netcat ta saurara a ƙofar da za a yi amfani da ita, a ƙwanƙwasa daga waje, a ga ko saƙo yana wucewa. Sai dai kwamfutar da ke bayan rautar gida ko ke amfani da datar waya yawanci adireshi na cikin gida take da shi, irin mai farawa da 192.168 ko da 10, kuma ba a isa gare ta kai tsaye daga intanet sai an buɗe mata hanya a rautar. Kamfanonin waya da yawa suna haɗa masu amfani da dama a bayan adireshi ɗaya, inda mai amfani ba shi da ikon buɗe wannan hanya.

Tura fayil

A kwamfutar da za ta karɓa:

    nc -l 5000 > sabo.pdf

A wadda za ta aika:

    nc -N 192.0.2.10 5000 < littafi.pdf

Dole mai karɓa ya fara tashi kafin mai aikawa. Zaɓin -N yana sa a rufe hanya idan fayil ya ƙare. In babu shi, ɓangarorin biyu suna iya zama suna jiran juna. Ana iya tura jaka guda ta hanyar haɗa Netcat da umarnin tar: mai aikawa ya ɗaure fayilolin ya zuba a bututu, mai karɓa ya kwance su. Netcat ba ta nuna ko fayil ya isa cikakke, don haka akan gudanar da sha256sum a ɓangarorin biyu a kwatanta sakamako. Masu binciken laifukan kwamfuta sun daɗe suna amfani da wannan hanya wajen kwashe bayanai daga kwamfutar da ake bincike zuwa wata, domin kada a rubuta sabon abu a kan faifanta.

Magana da uwar garke kai tsaye

Ƙa'idojin intanet da yawa rubutu ne zalla da mutum zai iya karantawa. Da Netcat ana iya yin abin da burauza take yi a ɓoye:

    printf 'HEAD / HTTP/1.1\r\nHost: example.com\r\nConnection: close\r\n\r\n' | nc example.com 80

Uwar garken za ta mayar da layin matsayi, irin HTTP/1.1 200 OK, sai bayanan kai. Alamun \r\n suna da muhimmanci domin ƙa'idar HTTP ta tanadi a rufe kowane layi da su, kuma layin da babu komai a cikinsa shi yake nuna ƙarshen buƙata.

Wasu hidimomi su suke fara magana. Uwar garken SSH tana gabatar da kanta da layi mai farawa da SSH-2.0, ta imel kuma da layi mai farawa da 220. Daga wannan gabatarwa ana iya sanin irin manhajar, wani lokaci har da sigarta. Mai kula yana amfani da wannan ya tabbatar an sabunta manhaja, mai kutse kuma ya nemi wadda ta tsufa. A ƙofa ta 443 wannan dabara ba ta aiki da Netcat ta gargajiya, domin sai an ƙulla TLS kafin a yi magana. A nan akan koma ga ncat --ssl ko openssl s_client.

UDP

Da zaɓin -u ana buɗe mai sauraro da mai aikawa na UDP kamar yadda ake yi da TCP. Amma sakamakon gwajin ƙofa a nan ba abin dogaro ba ne sosai. Tunda babu gaisuwa, shiru yana iya nufin ƙofar a buɗe take, yana kuma iya nufin an zubar da saƙon. Abin da ke nuna ƙofa a rufe take shi ne saƙon ICMP da kwamfutar take mayarwa, kuma katangar tsaro tana yawan tare shi. Saboda haka Netcat tana iya ba da rahoton nasara a ƙofar da babu kowa. Hanya mafi inganci ita ce a yi wa hidimar tambaya da yarenta, misali a gwada DNS da umarnin dig.

Haruffa da bayit

Netcat bayit take ɗauka, ba haruffa ba. Wannan ya sa take da amfani wajen gano inda rubutu yake lalacewa a harsunan da ke da haruffa na musamman. A tsarin UTF-8, haruffan Hausa masu lanƙwasa kowanne bayit 2 yake ci: ƙ shi ne c6 99, ɓ shi ne c9 93, ɗ kuma c9 97. Kalmar ƙasa tana da haruffa 4 amma bayit 5 ce. Idan aka sa mai sauraro kamar haka:

    nc -l 5000 | xxd

sannan aka turo kalmar daga wata manhaja, za a ga c6 99 61 73 61 idan ta fito daidai. Idan aka ga 3f a wurin harafin farko, wato lambar alamar tambaya, to manhajar da ta aiko ce ta lalata shi tun kafin ya hau hanya. Idan kuma bayit ɗin sun iso daidai amma rubutun ya fito a hargitse, laifin yana wajen mai nunawa ko tsarin haruffan da aka saita masa.

Tsaro da doka

Netcat ta gargajiya ba ta kulle bayanai, ba ta kuma tambayar kalmar sirri. Duk wanda ke kan hanyar zai iya karanta abin da ke wucewa, kuma duk wanda ya riga isa ƙofar da ake sauraro shi za a karɓa. Don haka ba a tura bayanan sirri da ita a hanyar da ba a amince da ita ba. A irin wannan hali scp ko rsync a kan SSH sun fi dacewa.

Zaɓin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne -e, wanda yake haɗa hanyar sadarwa da wata manhaja. Idan manhajar ta karɓar umarni ce, duk wanda ya haɗu da ƙofar ya samu ikon ba kwamfutar umarni daga nesa ba tare da an tantance shi ba. Hobbit ya san haɗarin, shi ya sa a asalin manhajar zaɓin ba ya aiki sai mai harhaɗawa ya kunna wata alama mai suna GAPING_SECURITY_HOLE, wato wagegen giɓin tsaro. Ta OpenBSD ba ta da wannan zaɓi kwata-kwata. Masu kutse sukan yi amfani da shi su bar wa kansu ƙofar baya bayan sun shiga kwamfuta, ko su sa kwamfutar da suka kama ita ta kira su, domin katangar tsaro ta fi sa ido a kan mai shigowa fiye da mai fita. Wannan ne dalilin da ya sa manhajojin riga-kafi da yawa a Windows suke kama fayil ɗin nc.exe, ko da mai shi da kansa ya saka shi. Ganin nc tana sauraro a uwar garke ba tare da sanin mai kula ba alama ce da ake bincika da gaggawa.

Mallakar Netcat da amfani da ita a kan kwamfutar mutum ko wadda aka ba shi izini abu ne na yau da kullum. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba kuwa laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, kamar dokar Amurka ta 1986 kan zamba da ɓarna ta kwamfuta, da ta Birtaniya ta 1990, da dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024. Ko ƙwanƙwasa ƙofofi kawai yana iya saɓa wa sharuɗɗan jami'a ko na kamfanin intanet. Masu koyo sukan yi gwaji a 127.0.0.1, ko a kwamfutar kwaikwayo da suka girka a cikin tasu, ko a scanme.nmap.org, wadda aikin Nmap ya tanada domin gwaji daidai gwargwado.

Girkawa

A Debian da Ubuntu ana girka ta da apt install netcat-openbsd ko netcat-traditional. A Fedora da Red Hat sunan kunshin Ncat shi ne nmap-ncat. A macOS tana zuwa a girke. A Windows ana samun Ncat tare da Nmap. A wayar Android ana iya saka ta cikin manhajar Termux, abin da ke ba wanda ba shi da kwamfuta damar gwada yawancin misalan da ke sama.

Manhajoji masu kama da ita

Socat, wadda Gerhard Rieger ya fara a 2001, tana haɗa kusan kowane irin mashigar bayanai biyu, har da fayil da na'ura da TLS, amma umarninta ya fi wuyar koyo. Cryptcat Netcat ce da aka ƙara wa kulle bayanai da tsarin Twofish. Nmap ta fi Netcat nisa wajen binciken ƙofofi masu yawa da gano irin hidima. Curl ta fi dacewa da HTTP da HTTPS. A Windows, umarnin Test-NetConnection na PowerShell yana gwada ƙofar TCP guda. A da ana haɗa Netcat da SSH domin tsallakawa ta wata kwamfuta zuwa wata, kafin OpenSSH ta samar da zaɓin -W a siga ta 5.4 a 2010, da -J a siga ta 7.3 a 2016. Har yanzu ana amfani da ta OpenBSD wajen bi da SSH ta kwamfuta mai shiga tsakani irin ta SOCKS.

Duba kuma

Nmap
Telnet
SSH
Unix
Adireshin IP